Muryar Ubangiji ce ko son zuciyata? Ina neman shawara daga Jidda

Salama a gare ku 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni nas ce a wani asibitin kuɗi a Jidda, 'yar Filato, shekarata huɗu da wata tara a nan. Kwantiragina zai cika nan da wata uku, sun ce in sa hannu a kan wasu shekara biyu da ƙarin albashi. A watan jiya Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙanwata ke jinyarta, ga ta da goyo. Ran nan muna waya ta bidiyo, ina gani ta kamo Mama ta hannun da ya shanye za ta juya ta. Na daka mata tsawa daga nan. Da na ajiye wayar sai na ƙirga, tsofaffi shida na juya da hannuna a ranar, ba uwata a cikinsu.

Tun daga nan duk na durƙusa addu'a abu ɗaya nake ji: koma gida. Amma ginina na Jos ya kai linta ba rufi, kuma riyal ɗin nan ne ke sayen maganin Mama. Kun san nan ba majami'a, Lahadi ma ranar aiki ce, rabona da Jibin Ubangiji tun hutun bara. To Ubangiji ne ke magana, ko gajiya ce da kewar sujada?

Wani direba, Riyad: 'Yar'uwa, sannu, Allah ya ba Mama lafiya. Ni dai kar ki tafi. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba ya yi musun bangaskiya, kula kuwa har da kuɗi. Ki ɗauki mai jinya ki riƙa biyanta daga nan. Na ga waɗanda suka koma cikin zafin kai, yau suna bin ejan neman biza.

Maman Biyu, Jidda: 'Yata, zan yi miki magana kamar ni na haife ki. Sau biyu na karanta saƙonki, na ga ginin ya riga maganin fitowa daga bakinki. Ki tsaya a nan tukuna. Da babana ya kwanta, cewa na yi bari in ƙarasa shekara ɗaya. Ina tura kuɗi, ina tura baiko mai kauri majami'armu, har ana kiran sunana a sanarwa. Jana'izarsa a waya na kalle ta, a ɗakin canza kaya, da takalmin aiki a ƙafata. Saul ma ai kyawawan tumakin ya ware ya ce na hadaya ne, Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya. Ki kuma buɗe Markus 7 ki ga yadda Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah. Son zuciya ba ya zuwa tsirara, rigar zumuntar mata yake sawa. Ban ce ki tafi ba fa, don lamarinki ba nawa ba ne. Cewa na yi ki cire ginin daga ma'auni, sannan ki sake aunawa.

Dattijo, Dammam: Ɗiyata, tafiyar ma tana iya zama son zuciya. Yunana da ya sauka Yafa ya tarar da jirgi, ya biya kuɗinsa, amma samun jirgi ba izini ba ne. A Getsamani Ubangijinmu ya fara faɗin abin da yake so, a kawar masa da ƙoƙon, kafin ya ce nufin Uba za a yi. Ke ma ki faɗa wa Allah abin da kike so ƙarara. Sai maganar aiki: kar ki ajiye kafin wa'adi ya cika. A dokar ƙwadagon ƙasar nan, kuɗin sallama rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, wanda kuma ya ajiye da kansa tsakanin shekara 2 da 5 kashi ɗaya cikin uku yake samu. Ki nemi hutu da bizar fita da dawowa, ki je ki gani da idonki. Kin ma tambayi Mama kuwa?

Mai tambaya: Na gode muku duka. Maman Biyu, kin taɓa ni inda ke ciwo. Ginin nan don dangin tsohon mijina su gani na fara shi, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Baba, na kira Mama daren jiya na tambaye ta. Bakinta ya karkace, ban gane komai ba sai kalma ɗaya da ta maimaita sau uku: yaushe. Yau na miƙa takardar hutu, na ce wa magini ya dakata, ya sayar da buhun siminti goma sha biyun da suka rage kafin damina ta daskarar da su. Takardar kwantiragin tana cikin jakata, ban sa hannu ba, ban kuma mayar musu ba. Ku sa ni a addu'a.