Giya ta biyu na ba ni wahala, don Allah a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi. Motata mai giyar hannu ce. Duk sanda na tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu sai ta fizge ni, wani lokacin har da ƙara "ƙarrr". Ta uku da ta huɗu kuwa lafiya lau. Abin ya fi tsanani da sassafe, da cikin cunkoson Ƙofar Nasarawa, 'yan adaidaita na ta danna min oda.

Kuloci har ƙasa nake taka shi, man giya ma na sauya, shiru. Wani makanike ya ce kulocin ne ba ya saki sosai, wani ya ce sai an buɗe giyar. Kafin in tafi Ƙofar Ruwa sayen kaya, yaya zan gane wanne ne?