An ba ni odar barewar Kirsimeti guda 80: in sayi banso ko in kai yanka kasuwa?

Bulus Kafinta, Jos
Salama gare ku 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya matse ni. Wata madam mai harkar kwalliyar wuraren biki ta kawo mini odar barewar katako guda 80, irin wadda Turawa ke jerawa lokacin Kirsimeti, mai ƙaho rassa-rassa, wadda ake zanawa tana jan keken Baba Kirsimeti. Ba shimfiɗaɗɗiya ta filawud take so ba. Mai jiki take so, wadda za ta tsaya da ƙafafunta huɗu a kan tebur, tsayin inci 7. A bidiyon da ta nuna mini, da banso (injin zarto da ke zagayawa kamar bel a kan tayoyi biyu) mutumin ya fitar da ita daga guntun tubaifo (katako mai inci 2 da inci 4) ɗaya. Ni jikso (ƙaramin zarton lantarki na hannu) da zarton tebur kawai nake da su, kuma ruwan jikso, wato ƙarfen da ke yankan, lanƙwashewa yake a irin wannan kauri. Ta ba ni rabin kuɗi, ranar 10 ga Disamba za ta karɓa. To, ƙaramin banso na kan benci mai inci 9 zai iya aikin, ko in kai wa masu manyan inji a kasuwar Katako su yanka mini? Sannan wane itace ya dace?

Sani Na'ibawa
Oga wannan ai ba ya buƙatar banso. Ka samu filawud mai mili 12, ka yanke jiki daban, ƙafafu daban, ƙaho daban, ka tsaga su su shiga juna. Da jikso na yi wa wata makaranta dawaki haka, yini biyu na gama.

Bulus Kafinta, Jos
Malam Sani na gode, amma a sama na faɗa, ba ta son filawud.

Abu Hafsat
Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Sassaƙa siffar abu mai rai ba ƙaramin lamari ba ne ga Musulmi, balle kuma na bikin da ba naka ba. Ka mayar mata da kuɗinta, Allah zai musanya maka.

Bulus Kafinta, Jos
Malam, sunana Bulus.

Ɗan Baiwa 22
Hahaha Abu Hafsat ya hau mumbari bai duba masallacin ba 😂

Abu Hafsat
Afuwan, ban lura ba. Amma nasihar tana nan ga wanda ta shafa.

Baba Isiyaku Mai Inji
Bulus, bar batun masu inji na kasuwa. Nasu mai faɗin ruwa ne, don tsaga falanki aka yi shi, miƙe kawai ya sani. Ko sun yarda su karɓa, ba zai juya a tsakanin ƙaho da ƙaho ba.

Ga yadda aikin yake. Ka gyara guntun katakon kusurwoyinsa su tashi daidai. Ka liƙa zanen gefen dabbar a faffaɗar fuska, zanen gabanta a siririyar fuska, ƙafafun zanen biyu su tsaya a layi ɗaya. Ka yanka fuska ɗaya. Guntayen da suka zube kada ka yar, ka mayar da su mazauninsu ka naɗe da salatif, katakon ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Sai ka juya shi ka yanka ɗaya fuskar. In ka ɓare, barewar tana ciki. Tsawon dabbar ya bi tsawon jijiyar itacen, in ka gicciye ta ƙafafun a hannu za su kakkarye tun wurin goga samfefa.

Matsalarka tana wurin tsayin yanka. Lokacin da ka tsayar da tubaifo a kan siririn gefensa, inci 4 zarton zai ratsa. Yawancin masu inci 9 iyakarsu wajen inci 3 da rabi. Ko dai ka kankare katakon ya ragu, ko ka nemi mai inci 10, ko babban nan mai inci 14 wanda ke cin kaurin inci 6. Ruwan zarto kuma siriri, kwatan inci ko ƙasa da haka, mai manyan haƙora 'yan kaɗan don ya riƙa fitar da gari. Mai ƙananan haƙora ƙona itacen zai yi. In ka shiga lungu kana son ja da baya, kashe injin tukuna, in ba haka ba ruwan zai sauka daga kan taya. Kada ka sa safar hannu.

Oga Danladi KD
Duk abin da Baba ya faɗa haka yake, amma ni shawarata ka gudu. Irin wannan oda ce ta jefa ni bashi bara waccan, har yau ban gama fita ba.

Wata mai kwalliya ce ita ma, wani otal ya ba ta aikin falonsa, ta ce in yi mata guda 50. Na ga kuɗi, na ce bari in sayi injin gaba ɗaya tunda zai yi mini amfani gaba. Na samu na hannu a wurin wani dillali, ya ce daga Amurka aka kawo, ya kunna a gabana yana tashi sumul. Abin da bai gaya mini ba, injin na wutar 110 ne, taransifoma ya ɓoye a ƙarƙashin benci ya jona shi. Na kai shago, yarona ya soka a soket ɗinmu, sai ƙara da hayaƙi. Na koma wa mutumin ya ce ai kaya ya bar hannunsa lafiya. Na biya aka sake naɗa kwayil, mako guda ya tafi a nan.

Sai itace. Mai katako ya rantse mini malainar nan ta bushe tun damina. Na yanka, na goge, na fesa, suka yi kyau har makwabta na zuwa ɗaukar hoto. Na kai. Hunturu ya sauko, ga esi a falon dare da rana. Kafin ranar bikin ƙafafu sun tsattsage, wasu sun karkace ba sa tsayuwa, ƙahoni na zuba a kan tebur. Matar nan ta kwaso su a jakar Gana-mas-go ta dire mini a ƙofar shago a gaban yarana, ta ce cikon kuɗi kuwa in manta da shi, har tana neman in mayar da na farko. Kaya ne da ba a neman sa sai wata ɗaya a shekara, wa zan sayar wa a Janairu? Suna nan a bayan shago. Dillali ya ci, mai katako ya ci, mai naɗin kwayil ya ci, ni aka bar wa kunya.

Ɗan Baiwa 22
Oga Danladi ka zama makiyayi ke nan, garke 50 ba dusa ba harawa. Ka ajiye su zuwa babbar sallah ko za su yi ƙiba.

Oga Danladi KD
Yaro, ranar da aka dire maka kaya a ƙofa za ka daina dariya.

Sani Na'ibawa
Nawa ka sayi injin a lokacin? Don ni wani abokina ya sayi sabo ɗan Sin mai inci 9 a dubu 280 kwanan nan.

Oga Danladi KD
Dubu 280 sabo? Sai dai abin wasan yara. Nawa na hannu ne kuma dubu 450 na biya tun a wancan lokacin.

Yakubu Kugbo
Ku biyun ba ku shiga kasuwa kwanan nan ba. A nan Abuja mai inci 10 da aka nuna mini dubu 520 aka ce, mai inci 14 kuwa ya haye miliyan. Kuma ba injin ne ciwon kai ba, siririn ruwan ne. Kowane inji da tsawon nasa, mai inci 14 na yau da kullum inci 93 da rabi yake ɗauka, ƙananan kuma kowane kamfani da awonsa. Na taɓa ajiye inji ya yi ƙura don babu ruwansa a kasuwa. Kafin ka biya, ka sa mai shagon ya nuna maka sifaya aƙalla uku a hannu.

Sani Na'ibawa
Farashin Abuja ai ba farashi ba ne, haya kuke biya wa mai shago.

Habu a Jamus
Bulus, ina ganin kuna wahalar da kanku. A nan akwai wani gari Zaifen, a jihar Saksoni kusa da iyakar ƙasar Cek, sun shahara da kayan katako na Kirsimeti. Masu yin ƙananan dabbobi a can ba ɗaya bayan ɗaya suke yankawa ba. A injin juya itace suke fitar da zobe, wanda in ka tsaga shi za ka ga siffar doki ko saniya a bakin tsagin, sai su yi ta yankowa yanki-yanki, zobe ɗaya dabbobi da yawa. Kuma da jiƙaƙƙen itace suke juya zoben, don haka maganar Oga Danladi ta cewa ɗanyen itace ne matsala ban cika yarda da ita ba. Wani abu kuma, duk injin Amurka ko da taransifoma ba zai yi gudunsa ba a gida, don wutarsu mai bugu 60 ce a daƙiƙa, tamu 50, zai rage wajen kashi ɗaya cikin shida.

Oga Danladi KD
Malam Habu, a Jamus kafinta kake ko a kasuwar Kirsimeti ka gani ka wuce? Akwai hunturun Kaduna a Zaifen? Mu da garin katako ya shiga wa hanci muke magana.

Habu a Jamus
Ba kafinta ba ne ni, amma na tsaya na ga ana yi da idona. Sai mutum ya ƙona inji sannan maganarsa za ta shiga?

Baba Isiyaku Mai Inji
Ku bar wannan. Batun wuta Habu ya yi gaskiya. Batun itace Danladi ya yi gaskiya, don aikin zobe daban, namu daban. Ƙafar da ba ta kai kaurin yatsa ba, in ruwa ya fita daga cikinta da sauri dole ta motsa. Malaina tana da daɗin yanka amma tana daɗewa ba ta saki ruwanta ba, waje ya bushe ciki da sauransa. Ni da zan yi, tsofaffin guntaye zan bi in tara, waɗanda suka shekara a shago. Obece yana da laushi da rashin nauyi, ƙaramin inji zai ji daɗinsa, sai dai ƙahon ka bar masa kauri. Maɗaci ya fi kyau in an fesa, amma zai gajiyar da ƙaramin inji. Katakon falet, wanda ake ɗora kayan waje a kai, shi ma busasshe ne, ka dai bincika ƙusa sosai, guda ɗaya ta isa ta kashe maka ruwa. In iroko ne ka rufe hanci, garinsa na tayar da asma.

Ɗan Baiwa 22
Ni tambayata, madam ɗin ta taɓa ganin dabbar nan ido da ido? In ba ta taɓa ba, ko bunsuru ya fito ka ce mata irin na Filato ne.

Habu a Jamus
A Nowe da Suwidin da Finlan ake kiwonta, mutanen Sami ne makiyayanta. Mace da namiji duka suna fitar da ƙaho, amma manyan mazan kan zubar da nasu tun farkon sanyi, matan ne ke kai wa ƙarshen Disamba da nasu.

Maman Joy Deko
To kun ji, ashe ma mata ne ke jan keken. Ban yi mamaki ba.

Na yi shiru ina karantawa, amma Oga Danladi ka yi mana kuɗin goro. Ni ma harkar kwalliya nake yi. Ka san abin da ake yi wa mai kwalliya in kayanta suka fara zuba a gaban baƙi? Ita ma ba a biyan ta ciko, kuma wurin ba za su sake kiran ta ba. Matar nan ba ita ta sayo maka ɗanyen itace ba. Bulus ƙanena, ka yi guda biyu tukuna, ka ajiye su a inda iska ke kaɗawa 'yan kwanaki, ka kai mata ta riƙe a hannu ta amince, sannan ku rubuta a takarda.

Oga Danladi KD
Madam, da wane injin zai yi guda biyun? Sai ya saya ai. In ta ce ba ta so fa?

Bulus Kafinta, Jos
Abin da nake ta tambaya ke nan. Rabin da ta ba ni bai kai kuɗin mai inci 10 ba a farashin Oga Yakubu. Akwai wanda ya san mai ƙaramin banso a Jos ko Bukuru da zai ba ni haya na mako ɗaya?

Yakubu Kugbo
Ko ka samu, da wace wuta? Injin nan lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinsa, ƙaramin janareta durƙushewa yake. Ka lissafa mai a cikin kuɗin aikin tun yanzu.

Maman Joy Deko
Kullum wuta, kullum mai. Ni kujerun amarya na ba wani kafinta tun watan Agusta, na biya kashi 70, har yau "gobe Madam". Ranar da na je ba sanarwa na tarar ya sayar wa wata da su, wai zai yi mini sababbi. Ku kuna kukan ciko, mu muna kukan kafin alƙalami. Da kafinta da tela ban san wanda ya fi wani alkawarin ƙarya ba.

Sani Na'ibawa
Hajiya kada ki haɗa mu da teloli don Allah. Kuma ku ma in an gama aiki sai ku ce launin bai yi ba a rage dubu 20. Akwai wadda ta riƙe mini cikon gado tun kafin azumi, jiya na gan ta a Facebook tana rabon atamfa a biki.

Oga Danladi KD
Shi ya sa ni yanzu kashi 80 ko a bar shi. Wanda bai yarda ba ga hanya.

Maman Joy Deko
Kashi 80? In ka gudu da shi a wace kotu zan same ka? Sai dai a samu wani amintacce ya riƙe kuɗin a tsakani har a kawo kaya.

Sani Na'ibawa
Shi kuma mai riƙewar wa zai riƙe shi? Shugaban ƙungiyarmu muka taɓa ba wa irin wannan ajiya, sai da aka kai ga zama uku a gaban mai unguwa.