Wuraren da suka fi sosa zuciya a wasan bidiyo na Silent Hill 2: abin da masu buga wasan suka tattauna

1. Kusan kowa ya sa kaset ɗin bidiyo na ɗaki 312 na otal ɗin Lakeview a gaba, inda James, jarumin wasan, ya gano shi ya kashe matarsa Mary ta hanyar danne ta da matashin kai.

2. Doguwar barandar ƙarshe: kada a ruga. Wanda ya yi gudu ba zai ji muryar Mary duka ba, tana korar James, daga baya tana roƙon ya dawo.

3. Angela, wata budurwa da James ya haɗu da ita, a matakalar da ke cin wuta. Wasu sun ce nan ya fi kaset ɗin ciwo.

4. An rabu kan fitowar wasan ta asali ta 2001 da wadda aka sabunta ta 2024: waɗanda suka daɗe suna buga wasan sun fi son yadda aka karanta wasiƙar da Mary ta rubuta wa James a fitowar 2001.