Python: me ya sa 0.1 + 0.2 ba ya ba da 0.3?

sabon_hannu: Assalamu alaikum malamai. Abu biyu sun ɗaure min kai. In na rubuta 0.1 + 0.2 sai Python, yaren da nake rubuta manhajar kwamfuta da shi, ya ba ni 0.30000000000000004. Sannan na sa farashi = 3,5, bai ce uffan ba, amma da na ninka da 2 sai ga (3, 5, 3, 5). Ina gizo yake saƙa?

mai_allo: Wa alaikumus salam. Na biyun mai sauƙi ne. Wanda ya yi boko da Faransanci, kamar a Nijar, da waƙafi ya saba rubuta uku da rabi, shi kuwa Python ɗigo kaɗai ya sani: 3.5. Waƙafin ya sa ya ɗauka lambobi biyu ka jera, 3 da 5, shi ne ya maimaita jerin. In mai amfani da manhajarka ne zai shigar da "3,5", float(), mai mayar da rubutu zuwa lamba mai ɗigo, zai ƙi karɓa da saƙon kuskure na ValueError, sai ka fara da replace(",", "."). A kula da irin "1,250.75", nan waƙafin na dubbai ne, cire shi ake yi.

injiniya_k: Na farkon ba laifin Python ba ne, JavaScript ma haka yake bayarwa. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985. A wannan tsari 0.1 ba ya ƙarewa, tamkar ɗaya bisa uku da muke rubutawa 0.3333 har hannu ya gaji. Gurbi 53 na sifili ko ɗaya ne kawai na ainihin lambar, dole a datse sauran, ɗan abin da aka datse ne ya leƙo a ƙarshen amsarka. Shi ya sa round(2.675, 2), wato rage 2.675 zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, ke ba da 2.67 maimakon 2.68: abin da ke ajiye bai kai 2.675 cif ba.

Kada ka gwada irin waɗannan lambobi da == mai neman daidai cif, yi amfani da math.isclose() mai duba ko sun yi kusa da juna.

baitulmali: In lissafin kuɗi ne, ƙanena, rabu da float gaba ɗaya. Ko dai ka ajiye komai a kobo, naira 1,250.75 ta zama 125075, sai wajen nunawa ka mayar da ita naira, ko ka ɗauko Decimal, nau'in lamba na Python da ke ajiye ta yadda muke rubutawa. Tarkon da ke nan: Decimal("0.1") ake rubutawa, da alamar zance. In ka cire ta, lambar ta riga ta gurɓata kafin ta shiga, za ka ga 0.1000000000000000055 da doguwar jela a bayanta. Wajen rage ta zuwa gurbi biyu kuma, quantize(Decimal("0.01"), rounding=ROUND_HALF_UP), don in ba ka faɗa ba, 0.125 zai koma 0.12 ne maimakon 0.13.