Neman shawara: tikitin jirgi na mutum 34 zuwa Umara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu 34 ne daga Maraɗi muke shirin Umara, yawancinmu dattawa da iyaye mata da suka daɗe suna tara kuɗin ta hanyar adashi, kuma ni aka ɗora wa neman tikiti.

Ga inda na cije. Shafukan intanet ba sa karɓar fiye da mutum 9 a lokaci guda, kuma da na ƙara yawan kujeru sai farashin ya hau, don kujerun araha kaɗan ne a kowane jirgi. In na raba mu kashi-kashi, wani zai biya fiye da wani, ga tsofaffin da ba za a raba da 'ya'yansu ba.

Sai maganar filin tashi. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan. Kano ta fi kusa ta Jibiya da Katsina, amma akwai iyaka da canjin sefa zuwa naira. Kamfanin jiragen sama na Ethiopian yana zuwa duka biyun, ta Adis Ababa.

Don Allah wanda ya taɓa karɓar farashin rukuni kai tsaye daga kamfani, nawa ake ajiyewa kafin alƙalami, kuma in mutum ɗaya ya fasa, ana yarda a sauya suna?