Neman kalma: me za mu kira "bunny hop" da Hausa?

Jama'a, tun shekaranjiya da na jefo tambayar nan amsoshi ke ta shigowa, to bari in faɗi inda na tsaya. Ga wanda bai ga farkon zancen ba: ina rubuta bayani ne kan abin da mai keke zai yi in ya tarar da tarkace a hanya, sai na cije a kan "bunny hop". Shi ne mutum ya ɗaga kekensa yana cikin tafiya, tayoyi biyu su bar ƙasa, ya haye abin da ke gabansa bai sauka ba.

Kalmar tarkace kam ba ta ba mu wahala ba. Reshe, dutse, fasasshiyar kwalba, guntun ƙarfe, duk ta kwashe su.

Yawancinku kun ce "tsallen zomo", tunda abin da Turancin ke nufi ke nan. Ban ƙi ta don fassara ce ba. Na ƙi ta ne don ba ta koyar da komai. Ka ce wa sabon mahayi ya yi tsallen zomo, sai ya fizgi kan keken da ƙafafunsa gaba ɗaya, ya ɗan tashi kamar taƙi guda, tayar baya ta daki reshen. Wani ɗan'uwa ya kawo "tsallen kwaɗo", amma wannan tuni tana da mai ita, kuma duk wanda ya taɓa shan horon nan ba zai so jin ta a kan keke ba. "Tsallen baɗake" ta fi su ƙarfi, don da ma haye wani abu take nufi. Na daɗe ina juya ta. Aibinta ɗaya: tana faɗin an tsallake, ba ta faɗin yadda aka yi.

Yadda aka yi ɗin kuwa shi ne gaba ɗayan maganar. Tsallen iri biyu ne. Akwai wanda tayoyin ke tashi lokaci guda, masu keke na danganta shi da Ingila, ba ya yin sama sosai. Akwai wanda ake dangantawa da Amurka, wanda 'yan wasan BMX suka yayata, wasan tsere da tsalle-tsalle a kan ƙananan kekuna da ya taso a Kalifoniya wajen shekarun 1970. A wannan, za ka tashi daga sirdi, feda biyu a daidaice, ka danna jiki ƙasa, sannan ka ja ƙugunka baya hannuwa a miƙe har tayar gaba ta ɗaga. Tana sama sai ka miƙe, ka tura kan keken gaba, ka naɗe gwiwoyi, tayar baya ta biyo. Gaba tukuna, sannan baya. Da shi ne wasu 'yan tseren keken laka na Beljiyam da Holan ke haye katakon da ake gindaya musu, wanda dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yarda tsayinsa ya kai santimita 40, alhali wasu sai sun sauka sun ɗauki keken.

To wace dabba ce kowa ya san tana ɗaga ƙafafun gaba, ta haye, na baya su biyo? Doki. Kuma ba yau keke ya fara aron kayan doki ba: a kan sirdi muke zama, hawansa muke yi, har dokin ƙarfe muke ce masa. Saboda haka ni dai "tsallen doki" na ɗauka. Wanda ya ji ta ya riga ya sami rabin darasin. Ɗayan kuma, mai tashi lokaci guda, ku bar wa masu son zomo zomonsu, ba ni da ja.

Wata 'yar'uwa ta ce za a rikita shi da tsallen dokin gaske. Hajiya, in an ce "ya yi tsallen doki da kekensa", ban ga inda rikicin zai shigo ba.

Sai dai kada sunan ya ruɗe mu mu ɗauka komai tsallake shi ake yi. Sau da yawa kauce masa ya fi, kuma nan ma muna da kalmarmu tsaf: gociya. Ɗan karkata kan keke ne cikin sauri, tayar gaba ta kewaye dutsen, ka dawo da ita nan take, jikinka bai bar layinsa ba. Idonka kuma ya kasance a kan inda kake son bi, don keke inda ido ya kafe yake zuwa. Yashi da tsakuwa ba a yi musu ko ɗaya: ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka miƙe sak, ka bar birkin gaba ya huta. Ƙaramin reshe kuwa, ka tunkare shi a gicciye, ka ɗaga daga sirdi, gwiwa da gwiwar hannu a sake, keken ya hau ya sauka a ƙarƙashinka.

Shi wannan na ƙarshen ne har yanzu ban sami sunan da ya kwanta mini ba. An ba ni "sassauta nauyi", an ba ni "sakin jiki". Ta biyun ta fi daɗin faɗa, amma tana iya sa mutum ya saki kan keken ma. Kuma abin ba wasa ba ne, don wanda ya zauna daram a sirdi ya daki bakin dutse, ƙarfen wili kan matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna. Wannan facin Turawa na ce masa saran maciji, kuma shi kam na karɓi fassararsa yadda take, don duk wanda ya ciro tub ɗin ya ga hujin nan biyu ba sai an yi masa bayani ba.

Masu "sakin jiki", ku kawo hujjarku, ina saurare.