Kwamfutar da na haɗa tana tashi ta mutu, in na kashe kuma ta ƙi mutuwa

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum jama'a. Na haɗa kwamfutar tebur da hannuna: furosesa Ryzen 5 5600, madabod (babban faifan da ake ɗora sauran kayan a kai) B550, ram DDR4 guda biyu, katin hoto RTX 3060. Duk sababbi ne in ban da fawa, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, wadda na ciro daga tsohuwar kwamfutar yayana. Wani lokaci in na danna maɓalli sai fankoki su ɗan juya, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa, allo baƙi ƙirin. In kuma ta yarda ta shiga Windows, na gama aiki na danna Shut down, sai allo ya ɗauke amma fanka na ta juyi. Har cikin dare nakan tarar ta kunna kanta. Mai gyaran da na kai wa ko buɗe ta bai yi ba ya ce madabod ce, in sayi wata. Kafin in zuba kuɗi ina so in ji daga waɗanda irin haka ta taɓa samu.

Mai Shago a Farm Centre: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sayi komai tukuna. Yawancin haɗin gida da ake kawo mini da sunan madabod ta mutu, lafiyarta ƙalau. Ciro ta daga kesin ka ɗora a kan kwalin da ta zo ciki. Bar furosesa da fankarta, ram ɗaya tak, katin hoto da fawa, sauran duk ka cire. Sai ka taɓa filoli biyun da aka rubuta PWR_SW da bakin sukundireba, za ta tashi ba sai da maɓalli ba. In ta tashi a kan kwali amma ta ƙi a cikin kesin, to wani ƙarfe ne ke taɓa bayanta. Na taɓa samun wadda ɗaya daga cikin ƙusoshin tagullar da ake ɗora madabod a kai yana inda babu rami, yana gogar ta ta ƙasa. Cire shi kawai na yi.

Kuma ka duba ƙananan fitilu huɗun da ke gefen dama, in taka tana da su: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna maka inda tafiyar ta tsaya.

Ɗan Samaru: Na duba yanzu, Yallaɓai. A kan DRAM take tsayawa, wato fitilar ram.

Baban Ikram: To ai ga bakin zaren. A waɗanne ramuka ka sa ram ɗin? Tawa haka ta riƙa yi, tashi da mutuwa, saboda suna rami na ɗaya da na uku. In guda biyu ne, yawancin madabod masu rami huɗu sun fi son na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga furosesa, wato A2 da B2. Littafin da ya zo da ita ya zana wannan. Ka danna sosai har ka ji ƙas a kowane gefe, don ram kan yi kamar ya zauna alhali gefe ɗaya na sama. In ka kunna XMP (saitin ƙara wa ram gudu) a BIOS, wato shafin saitin madabod, cire ɗan batirin nan CR2032 da ke kan madabod na 'yan mintuna bayan ka zare wuta, komai zai koma yadda ya zo, sai ka gwada ba XMP.

Wanda ya haɗa da ram DDR5 a kan madabod irin ta AM5 kuma ya yi haƙuri a tashin farko. Takan ɗauki mintuna allo baƙi tana gwada ram, mutane su tsorata su zare soket.

Maman Sultan: Ni aikin tace bidiyon biki nake yi, kuma abin da ya wahalar da ni ba a cikin kwamfutar yake ba sam. Da wutar NEPA lafiya lau take. Da zarar an ɗauke an koma inbata sai fawa ta fara wani zuuu, in na sa ta fitar da bidiyo ta mutu ɗif ba gargaɗi. Ashe inbatar gidanmu irin mai arahar nan ce da ba ta ba da tsabtatacciyar wuta, fawar zamani kuwa wasunsu ba sa jituwa da ita. Da muka sauya zuwa wadda ake kira pure sine wave, ƙarar ta ɓace, mutuwar ma haka. Malam, ka lura da lokacin da take yi maka. Da NEPA ne, da janareta, ko sa'ad da wuta ta zo ƙasa-ƙasa har fankar ɗaki na jan jiki?

Injiniya: Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Zancen kunna kanta da dare ma ina zargin daga nan yake. A BIOS akwai wurin da ke cewa me za ta yi in wuta ta dawo bayan ɗaukewa, Restore on AC Power Loss ko makamancin haka. In yana kan Power On, duk lokacin da aka kawo wuta za ta tashi da kanta. A inda ake ɗauke wuta a dawo da ita cikin dare ɗaya, wannan ba ƙaramar illa yake wa kaya ba. Mayar da shi Power Off.

Sai ƙin mutuwa. Tun daga Windows 8 akwai Fast Startup: in ka danna Shut down ba cikakkiyar kashewa take yi ba, adana wani ɓangare take a faifai don ta tashi da sauri. In wani direba, wato manhajar da ke sarrafa wani kayan kwamfutar, bai ba da haɗin kai ba sai ta maƙale a tsakiya, allo a kashe, fanka na juyi. Shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka cire alamar da ke kansa. In kuma barci take yi tana farkawa, rubuta powercfg /lastwake a Command Prompt zai gaya maka abin da ya tashe ta. A tawa katin intanet ne.

Amma gaskiya hankalina bai kwanta da tsohuwar fawar nan ba. RTX 3060 ana ba da shawarar wat 550.

Ɗalibi daga Maraɗi: Ni na gwada fawata da 'yar waya, na haɗa koriya da baƙa a kan babban fulogin mai fil 24, fankarta ta juya.

Injiniya: Wannan yana nuna tana kunnuwa ne kawai, ɗan'uwa, bai nuna za ta iya ɗaukar kaya ba. Na ga wadda ta ci wannan gwajin amma da katin hoto ya fara jan wuta sai ta saki. Kuma don Allah kada kowa ya kwance murfin fawa, tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare ta daga bango.

Ɗalibi daga Maraɗi: Na gode, Injiniya. Matsalar kwamfutata ma daga ƙarshe zafi ne. A watan Afrilu take mutuwa da rana tsaka. Ƙurar hunturu ta toshe fankar furosesa har ta yi kamar tabarma, BIOS na nuna sama da digiri 90. Na hure ta da bulowa na sauya man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka.

Ɗan Samaru: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na mayar da ram A2 da B2, na cire batir na mayar, fitilar DRAM ta wuce, yanzu danna ɗaya take tashi. Na kashe Fast Startup, na kuma tarar wancan wurin na BIOS yana kan Power On, na gyara. Tana mutuwa yadda ya kamata, ba ta sake kunna kanta ba. Saura abu ɗaya: in na shiga wasa mai nauyi takan ɗauke farat ɗaya, ko da NEPA ko da janareta. Zafin furosesa bai wuce digiri 70 ba. Na duba jikin fawar, wat 450 aka rubuta.

Mai Shago a Farm Centre: Madalla. Ari fawa mai kyau ta wat 550 ko 650 wurin wani ka gwada kafin ka saya. Kuma in mai cirarrun wayoyi ce, yi amfani da wayoyinta kaɗai, kada ka haɗa da na wata ko da bakinsu ya shiga. Jerin wayoyin ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani, yana iya ƙona maka faifai. Ka dawo ka gaya mana yadda aka yi.